Kwana Shida da Na Cinye wa Kifin Rodel

Har yau ban manta da ranar Talatar da na tsinci wata kwalba a bayan buhunan shinkafa ba. Ina rubuta wannan ne domin ku da kuka shigo aikin bayanmu. Ku ɗauke shi a matsayin abin da ya faru da mutum ɗaya, domin mai yiwuwa wani a wurina da ya yi abin da ya fi nawa.

A lokacin ina wata na bakwai da kama aiki a kicin ɗin wani asibiti mai zaman kansa da ke Al-Badi'a, a Riyad. Muƙamina jami'in kula da lafiyar abinci, mataki na ƙasa. Ga wanda bai san aikin ba, ba ni nake girki ba. Nawa shi ne in auna sanyin kowane firij sau uku a rana, in duba ranar da aka rubuta a jikin kowane mazubi, in kuma ɗebi kaɗan daga duk abincin da aka dafa in ajiye a wani ɗan firij da ke ofishina, saboda ko wani zai yi ciwon ciki a nemi abin da ya ci. Babbar ƙa'idarmu ita ce, dafaffiyar shinkafa ko kifi idan suka wuce awa biyu a waje, a zubar, a rubuta rahoto. Wanda aka rubuta wa rahoto uku, da wuya a sabunta masa kwantiragi.

Ran nan bayan an gama rabon abincin rana na shiga sito. Kicin ya yi tsit, sai ƙugin na'urar sanyaya ɗaki. Akwai wata 'yar taga can sama, hasken azahar na saukowa ta cikinta ya kwanta a kan buhuna. Na ja buhu ɗaya don in duba ƙasansa, sai hasken ya faɗa kan kwalbar. Babba ce, an rufe bakinta da leda an ɗaure da roba kafin a murɗa murfin. A ciki shinkafa ce dafaffiya mai launin ruwan hoda, kamar sararin sama gab da magariba, da yankan kifi a jere tsakaninta. Na daɗe a tsugune ina kallonta. Ban san me ya sa ba, sai na ji kamar na buɗe ƙofa na tarar da mutum yana barci.

Babu suna, babu rana a jikinta. A ƙa'ida sai in zubar in rubuta. Amma hannun da ya jera kifin nan na san shi. Duk kicin ɗin mutum ɗaya ne ke yanka haka, Rodel, mai dafa abincin ma'aikata, ɗan Filifin da ya girme ni da kusan shekara ashirin. Tun zuwana yake kirana “ƙaramin mudir”, wato ƙaramin manaja, yana ajiye mini ƙanzon shinkafa saboda ya lura ina so. Rahoto ɗaya yana kansa tun kafin in zo. Ban so in ƙara masa na biyu ba, ban kuma so a ce na ga abu na kau da kai ba. Zuwa in tambaye shi kuwa, na ji tsoron kada ya roƙe ni abin da ba zan iya ba.

Sai na zaɓi abin da a lokacin na ɗauka hikima ce. Na ɗauke kwalbar na kai ofishina, na tura ta can ƙuryar firij ɗin samfuri. Na ce a raina, a sanyi dai ba za ta cutar da kowa ba, mai ita kuma zai zo nema, sai mu yi magana cikin mutunci.

Laraba ta wuce, Alhamis ta wuce, babu wanda ya zo. Rodel na gaishe ni da fara'arsa kullum. Na fara tunanin watakila ba tasa ba ce.

Ranar Litinin da safe na ji ana jifa da buhuna a sito. Na leƙa na tarar da Rodel a durƙushe, gumi ya jiƙa masa riga.

“Sadik,” ya ce, wato aboki, ko ƙaramin mudir ɗin bai tuna ba, “ka ga wata kwalba a nan?”

Na ce na gani, kada ya damu, tana nan lafiya, na adana masa ita a firij.

Ya ɗago a hankali. “A firij? Tun yaushe?”

“Tun Talata.”

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya zauna a kan buhu ya ƙirga da yatsunsa, ya sake ƙirgawa. Sannan ya ce, “Kwana biyu kacal ta yi da rai ke nan.”

A nan ya yi mini bayani. Sunan abincin buro, na mutanen yankinsu ne, Pampanga. Ana wanke karfasa a cuɗa ta da gishiri, a haɗa da dafaffiyar shinkafar da ta huce da wani jan gari, a danna a kwalba yadda iska ba za ta sami wuri ba. Sai a bar ta a wuri mai ɗumi kwana bakwai ko fiye, shinkafar ta yi tsami, tsamin ya ratsa kifin ya tsare shi daga lalacewa. Sanyi kuwa tsayar da aikin yake cak. Na tambaye shi me ya hana shi leƙa ta duk kwanakin nan. Ya ce a gidansu ba a leƙa buro. Kakarsa ta ce abu ne mai kunya, idan ka yawaita dubawa sai ya yi wari. Ana ajiyewa ne a juya baya sai ranarsa.

Na karanta wannan a jami'a, har jarrabawa na ci a kansa. Na san ƙwayoyin da ke kawo tsamin da sunayensu. Amma da na gan shi a kwalba a bayan buhu, ban gane shi ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wanda aka yi buron dominsa. Akwai wani dattijo, Mang Ben, mai gyaran injinan wanki na asibitin, ɗan garinsu Rodel. Mang a wurinsu kamar mu ce Baba ne. Ya haura shekara ashirin a Riyad, an riga an buga masa bizar fita ta ƙarshe, jirginsa Talatar makon gaba. Ciwon huhu ya kwantar da shi, ya warke, amma ya daina cin abinci. Likita ta ce ranar Lahadi za ta duba shi. Idan ba ta ga ya yi kwana uku a jere yana ci da bakinsa ba, ba za ta sa hannu ya hau jirgi ba, sai dai a sa masa robar abinci ta hanci a ɗage tafiyar. An gwada miya, an gwada kunu, an gwada daing, wato kifin da suke tsagawa su kwanar a tafarnuwa da ruwan hal, irin ruwan tsamin nan na girki, su soya. Ya sunsuna ya juya kai. Abu ɗaya ya ambata da bakinsa, buro irin na mahaifiyarsa.

Kwana uku kafin Lahadi ya kama Alhamis ke nan. Sabon buro ba zai yi ba a wannan tazara. Sai dai a ta da wanda na kwantar.

Na fita bayan kicin na tarar da Baba Idi, direban motar kayanmu, mutumin Damagaram, yana shan shayi. Na ba shi labari. Ya yi dariya har ya ƙware.

“Kai Bashir! Ɗan Yawuri guda? Da daddawar tsohuwarka ka tarar tana rufe a kwando, ita ma firij za ka kai ta?”

“Baba, babu rana a jikinta.”

“To ba ka da baki ne? Mutumin nan kullum yana cusa maka ƙanzo, ka kasa ce masa mene ne wannan? Boko ya cinye maka hanci, yanzu ya koma kan harshe.”

Na bar shi da shayinsa. Na wuce ofishin mudir ɗinmu, wani Basudane mai ƙarancin magana, na faɗa masa komai, har da ɓoyewar da na yi. Na nemi izinin a bar kwalbar a waje kwana uku ƙarƙashin kulawata, da sharaɗi uku: ba za ta shiga abincin kowa ba sai mutum ɗaya, zan auna tsaminta kafin a taɓa, kuma sai likitarsa ta yarda. Ya dube ni ya ce:

“Ya Bashir, idan ya ci wani abu ya same shi, sunan wa zan nuna?”

“Nawa, ustaz.”

“Rubuta. Ka sa hannu. Halas, shi ke nan.”

Na rubuta, na sa hannu. Likitar ta ce idan an dafa shi sosai kuma kaɗan ne saboda gishiri, ba ta hana ba, tunda dai ba ya cin komai.

Muka sami wuri a wani ɗan ɗaki da ke bayan manyan firij, inda injinansu ke fitar da iska mai ɗumi. Na rataya ma'aunin zafi a bango. Na so in riƙa buɗewa kullum ina aunawa, Rodel ya ce atafau, sai Alhamis. Muka daidaita a kan zan iya kallo ta jikin gilashi. Ya ce, “Amma kada ka zura mata ido, sadik. Ka yi kamar wucewa kake.”

Kwana ukun nan ban san yadda zan kwatanta su ba. Duk bayan azahar sai in shiga ɗakin in zauna a kan wata jarka, wai ina duba ma'auni. Ɗumi da ƙugin inji su lulluɓe ni. Ranar farko babu abin da ya motsa. Rana ta biyu na ga wasu 'yan ƙananan kumfa suna hawa a hankali ta tsakanin shinkafar, ɗaya, sai can wata ɗaya. Rodel yakan shigo ya jingina da ƙofa, ya juya wa kwalbar baya, ya yi ta ba ni labarin garinsu. Gonakin shinkafa da ruwa ya kwanta a cikinsu har sama ta sauko ta zauna. Yara na kama kifi da hannu bayan girbi. Mata na shanya ƙananan kifi a kan raga, warin ya bi iska har cikin coci. Ya ce a kudancin ƙasarsu suna cin ɗanyen kifi da ruwan hal ya dafa ba wuta, a arewa kuma suna da wani mai gishiri da ke shekara a tulu. Yana magana ni kuwa ina ganin bakin kogi a Yawuri, jiragen masunta na dawowa, hayaƙin banda na tashi a miƙe. Har na daina bambance wanne ruwa ne nasa wanne ne nawa. Sai wani ya kira ni daga kicin in farka.

Ranar Alhamis da hantsi muka buɗe. Warin ya daki fuskata, tsami mai kaifi kamar na kindirmon da ya kwana biyu, da ƙarnin kifi a ƙarƙashinsa. Na tsoma takardar awon tsami. Launin ya faɗa cikin iyakar da na rubuta, amma da ƙyar, a bakin layi. Na sake aunawa sau biyu. Rodel ya sunsuna ya ce, “Yaro ne. Amma ba maras lafiya ba ne.”

Ya soya tafarnuwa da albasa da tumatir, ya juye buro a kai, ya yi ta juyawa har ya yi kauri kamar fate. Na soka ma'auni na tabbatar ya dahu har ciki. Ya dafa yalo da wani ɗan itace mai ɗaci, ɗan'uwan garafuninmu, ya jera a gefe.

Ni na ɗauki tiren zuwa ɗakin Mang Ben. Ya rame har agogonsa na zamewa zuwa gwiwar hannu. Rodel ya buɗe kwanon. Dattijon bai motsa ba, sai hancinsa. Ya rufe ido ya daɗe a haka, har na ɗauka barci ya koma. Can ya miƙa hannu, ya dangwala yalo a ciki ya kai baki. Ya tauna a hankali. Sannan ya buɗe ido ya faɗi wata magana da yarensu cikin faɗa.

Na ce wa Rodel, “Me ya ce?”

Rodel na dariya, idonsa ya cika da ruwa. “Ya ce wane maras kunya ne ya buɗe shi saura kwana biyu? Ya ce da uwarsa ce da ta jefe ni da kwalbar.”

Na ce a gaya masa laifina ne. Mang Ben ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da Larabcin kasuwa, “Inta mafi maalum,” wato ban san komai ba. Yana faɗa yana sake dangwala. Ya ci loma shida, na ƙirga. Da yamma ya nemi a kawo ragowar da farar shinkafa. Juma'a ya ci, yana mita. Asabar ya karɓi daing ɗin da ya ƙi a baya, ya ce shi ma ruwan hal ɗinsa ya yi yawa. Ranar Lahadi likita ta sa hannu. Baba Idi ne ya kai shi filin jirgi.

Ba zan ce muku buro ne ya tashe shi ba. Mai yiwuwa jikinsa ne ya kai lokacin karɓar abinci, ban sani ba. Ba kuma ina ce muku ku bar kifi a waje ba ne. Ƙa'idar awa biyu daidai take, ta tsare rayuka, har gobe ina zubar da abinci a kanta.

Abin da na gane shi ne, ranar Talatar nan ban bi ƙa'ida ba, ban kuma kyautata wa Rodel ba. Kaina na tsare, na sa wa abin suna taka-tsantsan. A kicin irin namu mutane daga ƙasashe da yawa ke aiki, kowa da abin da ya taso a kai, kuma littafin da aka ba mu bai san yawancinsu ba. Idan kuka tarar da abin da ba ku gane ba, ku nemi mai shi a ranar, tun kafin ku ɗaga shi daga inda yake. Watakila daga ƙarshe ku zubar ɗin. Amma ku fara jin don wa aka yi shi.