Sabarar Inna da fararen ɓeraye

Tun ina ƙarami Inna take fama da ciwon ciki, kuma maganinta ɗaya ne: dafaffen ganyen sabara. A shekarata ta ƙarshe a jami'a, cikin shekarun tamanin, malaminmu ya nuna mana hantar wata akuya da wani ganye ya lalata. Ya ce ganye ma yana da guba, sai an gwada ake sanin iyakarsa. Ranar ban iya cin abinci ba. Da aka ce kowa ya zaɓi abin da zai yi bincike a kai, na zaɓi sabara.

Da na zo hutu Gummi, na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na iya faɗa mata. Ni ba mai magana ba ne, ko a gida.

"Inna, da za ki dakata da shan sabara har in gwada ta."

"Ka gwada ta ga wa?"

"Ga ɓeraye."

Ta yi dariya har ta aje muciya. Ba ta kiran sunana, don ni ne ɗan fari. "Kai wanga, ashe karatun da kaka yi ke nan, kiwon ɓera? To, na bari. Amma in cikin nan ya tashi, kai za ni kira, ba ɓera ba."

Ta kuwa bari. Na san tana shan wuya, domin ƙanwata ta aiko mini cewa wani lokaci ko fura ba ta iya sha.

Ganyen na tsinko shi a dajin hanyar Bukkuyum, na shanya a inuwa kamar yadda aka koya mana, na daka, na tafi da garin makaranta. Na dafa shi da tsabtataccen ruwa, na tace, na ƙafar da ruwan har ya zama ƙullu baƙi. Na girgiza kaɗan a kwalba, kumfa ta tashi ta tsaya. Na ɗiga wani sinadari, launin ya koma duhu, alamar abin da ke sa ganyen ɗaure baki. Sannan na raba fararen ɓerayen rukuni-rukuni, ina auna nauyin kowane, ina ɗura masa gwargwadonsa da sirinji marar allura. Kullum ina duba gashinsu, da kashinsu, da yadda suke cin abinci. A ƙarshe muka duba hanta da ƙoda. A gwargwadon da mutum zai sha, ba mu ga wata illa ba.

Ranar da na dawo gida, tun ban aje jaka ba na ce mata ta ci gaba da sha. Nan take ta ɗora tukunya. Ina zaune a kan turmi ina kallo, ganye ya tafasa, sai ta miƙa hannu ta ɓallo jar kanwa ta jefa ciki.

"Inna, mene ne wannan?"

"Kanwa mana. Wa ka dahwa magani ba kanwa?"

Duk tsawon ƙuruciyata ruwan nake gani a kwano, ban taɓa tsayawa wurin dahuwar ba. Littattafan da na karanta kuma ba su ambaci kanwa ba. Ɓerayena ganye da ruwa kawai suka sha. Bincike ya ƙare, ba ni da sauran ɓera ko ɗaya.

Na ji kunyar sake hana ta. Sai dai na ce, "Ban gwada da kanwa ba. Ban ce tana da illa ba, Inna. Ban sani ba ne."

Ta dube ni, ta dubi tukunya. "Wanda ka sani hwa?"

"Ganye da ruwa zalla."

Ta ja tsaki, ta juye tukunyar a gindin katanga, ta ɗora wata. Da ya huce ta kurɓa, ta yamutsa fuska.

"Ruwa lami, ba gishiri ba kanwa. Allah ya kyauta."

Ta shanye kwanon tas. Da la'asar ta aiki ƙanwata ta sayo nono, ta dama fura da kanta ta sha.