Mai Kulkin Gidan Gaba

Inusa ɗan ƙauyen Safo ne, manomin gyaɗa, har damunar 1967 ta raba shi da gona.

A lokacin, in kamiyon Maradi ya kafe a rairayin gulbi, maza fasinja ne ke sauka su tura. In taya ta kama ƙasa direba ba ya tsayawa, wai kar ya sake kafewa. Sai mai gudu ya kamo ƙarfe ya ɗare. Ran nan Inusa ya kamo, hannunsa ya zame, tayar baya ta bi ta kan ƙaurinsa. Ƙarar ƙashin ya fara ji kafin zafin. Mata suka yi ta dukan jikin mota, Mamman direba bai taka birki ba sai a kan tudu.

"Shi ya sauka da ƙafarshi," Mamman ya ce wa jandarma. Aka sallame shi, ya sauya hanya, ya koma jigila a hanyar Ɗan Issa.

Inusa ya fito daga gidan likita da ƙafa ɗaya, ya kafa kujera a tashar Madarunfa. Shi ya ƙago dokar da fasinja suka riƙe: ba mai tura mota sai an zaunar da ɗayansu kusa da direba, kulki a cinya, ya tsayar da shi in an fita rairayi. Shekara bakwai ba a sake barin kowa a gulbi ba. Mata na sa masa albarka, shi kuwa kullum idonsa na kan fuskar direbobi.

Ranar da Mamman ya dawo hanyar, furfura ta cika masa gemu. Inusa ya ce yau shi ne a gaba.

"Baba Inusa, ina za ka da wagga rana?" in ji Barira mai ƙuli-ƙuli.

"Shan iska, ɗiyata."

Suka kafe, maza suka tura, mota ta fita. Mamman ya taka birki tun ba a ce masa ba.

"Ga shi na tsaya, malam."

"Na gani."

Inusa ya so a ce bai tsaya ba. Ya jira har na ƙarshe ya hau, sannan ya sauke kulkin a gwiwar Mamman, sau uku, har ta lotsa. Jini ya jiƙe wando, ihu ya cika gulbi.

Wata goma sha takwas Inusa ya yi a kaso. Kafin ya fito, direbobi sun haɗa kai sun hana kowane fasinja shiga gaba da sanda.