Malam Mudathir, wanda ya ƙi goge muryar Baba Hezekiah

Kafin direbobin Maradi su gama shan shayi a tashar Magama, Malam Mudathir ya riga ya buɗe shago. Zai yayyafa ruwa ya share, ya shimfiɗa tsohon zane a kan teburi, sannan ya zauna jiran marasa lafiya. Haka yake kiran kwamfutocin da ake kawo masa, wasu a bayan babur, wasu cikin kwandon tumatir. Shagon ɗinkina na jikin nasa, don haka abin da zan faɗa gani na yi, ba ji ba. Yanzu ido ya fara ba shi matsala, ya ce zai koma gona a Bugaje, ni kuwa ban yarda ya tafi shiru ba.

Yawancin masu zuwa wurinsa masu tace bidiyon biki ne. Tun da aka ƙaddamar da Shari'a shagali ya koma cikin gida, kowa kuma yana son a sa masa nasa a faifai don dangin da ke tsallaken iyaka. Kwamfutocin tsofaffi ne da aka shigo da su daga Nijar, suna jin Faransanci, manhajar tacewa kuwa daga Kano take, Turanci zalla. Ana cikin aiki sai allo ya ƙame, ko ya yi baƙi ƙirin. Magani ɗaya masu gyara suka sani, fomatin, wato a goge komai a fara sabo. Mudathir ya tsani kalmar nan. Yakan ce ba a ƙona rumbu don ɓera.

Wata shekara Abdu mai bidiyo ya ɗauki bikin Keziah, autar Baba Hezekiah, wani manomi dattijon coci a ƙauyen Kusa. A wurin bikin tsohon ya miƙe ya rera wa 'yarsa waƙar rakiyar amarya irin ta kakanninsa. Ba a jima ba Allah ya yi masa rasuwa. Abdu kuwa, kamar yadda 'yan sana'ar suka saba, yana juye kaset a kwamfuta ya ɗora wani taron suna a kansa. Muryar tsohon ta rage a wuri ɗaya tak, cikin kwamfutar da ke mutuwa duk lokacin da aka buɗe aikin.

Abdu ya shigo da ita gumi sharkaf.

"Mi ka sauya mata?" in ji Mudathir.

"Wallahi Malam ban taɓa komi ba."

Kowa haka yake cewa. Mudathir bai yi musu ba. Ya fara da kwashe bidiyon zuwa wata ma'ajiya, don a cewarsa sai an fitar da mutane ake gyaran rufin ɗaki. Amma bidiyon a kulle yake da katin hoton cikin kwamfutar da ya ɗauko shi, ba ya buɗuwa a wata na'ura. Sai ya bi abubuwa ɗaya bayan ɗaya, yadda ya saba: ya duba fanka, ya gwada wata wutar, kowane sauyi sai ya sake buɗe aikin ya gani. Can Abdu ya sosa ƙeya ya tuna wani aboki ya ba shi sabon direban hoto, ɗan shirin nan da ke sa manhaja da katin hoto su fahimci juna.

"Na ga sabo ne, na ce sabo ya hi."

"Ga tsohon kati? Ka ba tsohuwa ƙashi ka ce ta tauna."

Ya cire sabon, amma faifan tsohon direban ya ɓata tuntuni. Duk ranar kasuwa Inna Sarai, matar marigayin, takan zo ta zauna a bencina. Ba ta san kati ba, ba ta san direba ba. Tambayarta ɗaya ce: "Ɗana, maigidan ya yi magana?" Mudathir ya ce, "Tukuna, Inna." Wannan tukuna ta fi komai yi masa nauyi, ni ma har na fara jin kunyar ganinta.

Sai ya rufe shago ya hau mota zuwa Maradi, wurin ɗan kasuwar da ya sayar da kwamfutar, ya zauna yana tone buhun faifai har ya samu. A lokacin zukata sun yi tsami tsakanin Musulmi da Kirista, wani ya tare shi ya ce, "Malam, kan bidiyon coci kake wannan wahala?" Ya ce, "Muryar uban wani ce. Da ta naka uban ce, in bari?"

Ranar da ya sa tsohon direban, Inna Sarai na zaune a bencina, tana hangen allon ta ƙofar shagonsa. Hoto ya tashi, bai ƙame ba. Ga Baba Hezekiah da farar riga, yana leƙen taro kafin ya fara waƙa, ya ce, "Uwar amarya, kina ina? Matso kusa." Tsohuwa ta miƙe daga benci ta ce, "Ga ni nan." Na ajiye almakashi, don ban iya ganin zare ba. Mudathir ya ɗauki buta ya fita, ya bar mata shagon.

Kai ne, Mudathir, mai haƙurin tsintar gero a rairayi. Sunanka bai taɓa fitowa a ƙarshen faifan kowa ba, na Abdu ne ke yawo a allo da furanni. Amma gidaje nawa ne daga nan har Maradi suke kallon iyayensu saboda ka ƙi gaggawa? Mun gode. Allah ya ƙara wa idonka haske, ya sa albarka a gonar Bugaje.

Ku kuma matasan da za ku gaji teburinsa, na san hannunku ya fi nasa sauri. Kafin ku ce fomatin, ku tsaya ku tambaya muryar wa ke ciki, kuma wa ke zaune a benci yana jira.