Inda Ƙarfe Ke Danne Ƙarfe

Daga kan tsani mai gyaran fanka yake hango tsohon injiniyan, wanda bai taɓa gani ba sai yau. Siriri ne, furfura har gira, tabarau ya sauko masa kan karan hanci. A kwamfutarsa akwai zanen ƙugiyar injin ɗaga kaya, an yayyanka shi gida-gida kamar raga, don na'ura ta lissafa yadda ƙarfen zai lotsa idan nauyi ya hau.

Tsohon yana ta rage gidajen. Nan ya haɗe goma su zama ɗaya, can ya share wata kwana. Amma inda ƙusa ke danne ƙugiyar, ko gida ɗaya bai taɓa ba.

Manaja ya leƙo. "Baba, rage wajen nan mana, lissafin ya fito yau. Masu aikin na jira."

"Su jira. Mutane ne za su tsaya ƙarƙashinta."

Babban yatsansa na shafa wata karyayyiyar ƙusa a gefen tebur, ɓangare guda a lotse, har ta yi sheƙi saboda yawan taɓawa. Mai gyaran fanka bai san labarinta ba. Ya dai san ba don ado ake ajiye irin wannan ba.