Kawunan Kibiya Daga Woolwich

Maje ɗan gidan maharba ne, daga wani ƙauye a gindin duwatsun Ningi. Ubansa maharbi, kakansa maharbi, yayansa Nata'ala kuma shi ya gaji kwari da baka. Shi kuwa Maje tun yana saurayi mota ta ɗauke masa hankali, ya bi wani direban gingimari zuwa Kano, ya yi yaron mota har ya samu lasin. Da kuɗin mai suka fara kwararowa, kowane ɗan kwangila yana neman gida a Ingila, sai maigidansa Alhaji Isma'ila, dillalin siminti, ya taho da shi Landan don ya riƙa kai 'ya'yansa makaranta. Da yaran suka koma makarantar kwana, aikin ya ƙare. Alhaji ya ce masa ya zaɓa, ko komawa Kano ko zama. Maje ya zauna. Ya samu aikin tuƙa motar wani gidan burodi a Woolwich, council, wato hukumar unguwar, ta ba shi flat a hawa na shida a Thamesmead, ya aika aka kawo masa matarsa Turai.

Mutum ne gajere mai faɗin kafaɗa, ba shi da yawan magana. Yakan gama rabon burodi kafin azahar, ya dawo ya zauna bakin taga yana kallon kogi da fadamar da ba a riga an yi gini a kanta ba. Turai takan ce shi kaɗai ta sani wanda ya zo Landan ya ɓige da kallon ciyawa.

Wata Lahadi yana dawowa daga aiki ya hangi mutane a wani fili sun jera, kowa da baka a hannu, suna harbin faifan ciyawa mai zanen launi. Ya faka motar, ya tsaya jikin shinge. Wani dattijo mai suna Mista Tapley, wanda ke da ƙaramin shagon kayan harbi da na kamun kifi a bayan kasuwar Woolwich, ya yafito shi, ya miƙa masa baka. Kibiyar farko ta wuce saman faifan, ta biyu ta caki ƙasa. Bakan ya fi na gida tsawo da nauyi, kibiyar kuma da gashin tsuntsu a gindi, abin da bai taɓa gani ba. Ya ji kunya, amma Lahadin da ta biyo ya koma. Bai taɓa zama gwani a cikinsu ba. Yana da saurin saki, irin na mutanen daji, ga shi ba ya son tsayawa auna abin da ba ya motsi. Sun dai saba da shi, shi ma ya saba da shan shayinsu mai madara a tsaye cikin iska.

A bazarar 1976, shekarar da aka yi zafin da ciyawar Landan ta bushe ƙayau, wani ɗalibi ɗan garinsu ya kawo masa kaset daga gida. Muryar Yaya Nata'ala ce. Bayan gaisuwa da labarin waɗanda suka rasu da waɗanda suka haihu, sai ya zo kan abin da ya sa shi magana. Maƙerin da ke ƙera musu kawunan kibiya ya rufe maƙerarsa, ya tafi Kano yana walda ƙofofin gidajen sababbin masu kuɗi. Ɗansa da ya bari ba ya iya komai sai fartanya. Gyado kuma, wato aladen daji, ya addabi gonakin rogo.

"An ce mini kana harbi da Turawa," in ji muryar. "To in za ka zo, ka taho mini da nasu in gani. Komai yanzu na waje ake yayi, har shinkafa. Ni ma kada a bar ni a baya."

Maje ya tafi shagon Mista Tapley. Dattijon ya ce a nan ƙasar ba a harbin barewa da kibiya, shi ya sa kayan farauta ba su da kasuwa, amma yana ajiye kaɗan saboda masu fita waje. Ya jawo akwati daga ƙasan kanta ya baje iri uku. Na farko daga Amurka, a kwali mai sheƙi da hoton shaho, baki uku gare shi, kowane baki da 'yar reza da ake zurawa a cire. Na biyu ƙirar wani ƙaramin kamfani ne a arewacin Ingila, baƙin ƙarfe guda mai baki biyu, kamar ganyen mangwaro, an naɗe shi a takarda mai maiƙo. Na uku ƙarami ne, mara kauri, ana lanƙwasa shi da yatsa. Wannan Maje ya ture shi gefe tun kafin a yi masa bayani.

Zuciyarsa tana kan mai shahon. Ya riga ya hango kansa a zauren gidansu yana buɗe kwalin, mutane suna miƙa wa juna. Mista Tapley ya tambaye shi irin sandar da za a ɗaura wa. Maje ya kwatanta masa kyauro, karan da maharba ke yin jikin kibiya da shi, siriri, ba nauyi, ba gashi. Dattijon ya sosa haɓa, ya ce shi bai taɓa harba irin wannan ba, don haka ba zai yi masa ƙaryar sani ba. Ya ba shi shawara ya ɗauki kaɗan daga kowanne ya gwada.

Babu kyauro a Landan. Maje ya sayi siraran gora da masu lambu ke kafa wa wake, ya kankare su, ya ɗaura kawunan da zare da ƙaro. Ya je wurin wani mahauci ɗan Pakistan ya sayi kafaɗar sa guda da ƙashinta. Ranar hutunsa ya shiga can ƙarshen fadama, inda babu kowa sai dawakin da ake ɗaurewa su yi kiwo, ya rataye naman a reshen wata busasshiyar bishiya.

Duka biyun sun yi wa gorar nauyi. Kibiya takan tashi tana kaɗa gindi, ta sunkuyar da kai tun ba ta isa ba. Sai da ya matso kusa sannan ya fara samu. Mai baki biyu ya shige ya tsaya a jikin ƙashi, ya zaro shi lafiya lau. Mai shahon ya yi rami mai faɗi, abin sha'awa. Maje ya koma gida da shawararsa a yanke: shaho zai saya.

Turai ta karɓi naman tana juya shi.

"Malam, wannan kura ce ta fara ci ta rage mana?"

"Ki dai wanke ki dafa, halal ne."

Tana cikin yankawa a kicin sai ya ji ta ja numfashi, wuƙa ta faɗi. Ya tarar da jini yana bin hannunta. Ɓallin reza ne, bai kai farce ba, ya karye ya maƙale cikin tsoka, ya tsaga mata babban yatsa. Ya ɗaure mata da tsumma, suka hau bus zuwa asibiti, aka yi mata ɗinki. A hanyar dawowa, da suka kusa sauka, sai ta juyo ta dube shi.

"A yatsa ya same ni, kuma ga asibiti kusa. Can gida in ya shiga tukunya, yaro ya haɗiye, wa zai yi masa ɗinki a maƙogwaro?"



"Kai kwalin kake so," ta ƙara da cewa. "In kwali ne, ka roƙi mai shagon ya ba ka wanda ba komai a ciki."

Naman gaba ɗaya aka zubar. Washegari ya mayar da sauran masu shahon, ya kwashe duk masu baki biyun da ke shagon, aka yi masa odar ƙari. Saura matsalar nauyi. Mista Tapley ya bar masa bencin bayan shago da matsi da zarto, shi kuma kullum in ya tashi aiki sai ya biya. Ya rage musu faɗi, ya rage kauri, ya fitar wa kowanne kunnuwa biyu a baya yadda ba zai zare daga jikin dabba ba. Dattijon ya ce kunnuwan nan ba sa cikin tsarin harbinsu, Maje ya ce ai ba su za su harba ba. Wasu sun lalace a hannunsa kafin ya gane kan aikin. Tafin hannunsa ya yi kanta, burodin da yake saukewa ma sai da wata mai shago ta ce yana ƙanshin ƙarfe.

Da ya samu hutu a shekarar da ta biyo, ya yi booking ɗin jirgi, suka tafi gida shi da Turai. Daga Kano zuwa ƙauyensu, tafiyar da ya sani ta kwana ce, yanzu kafin la'asar sun isa, don ana shimfiɗa sabon titi ta tsakiyar dajin da ubansu ya yi farauta.

Nata'ala ya kwance ƙullin a zaure. Ya ɗauki ɗaya ya auna a tafin hannu, ya gwada kaifin a gashin damtsensa, ya ƙwanƙwasa shi a dutsen wasa yana sauraron ƙarar.

"Ƙarfen dai ƙarfe ne," ya ce. "Amma wuyan ya yi gajere. Ina zan shafa dafi?"

"Yaya, su can ba sa sa dafi. Kaifin ne ke kisa."

"Su can ba su san gyado ba."

Ya nemo zaren kaba ya nannaɗe wuyan, ya shafa dafinsa yadda ya saba, ya ɗaura a kyauro na gaske. Kibiyar ta tashi sak, ba kaɗa gindi. Kafin hutun Maje ya ƙare, Nata'ala ya kayar da gyado biyu a bakin gonar rogo, ya bar wa maƙwabtansu masu ci suka ɗauke. Bai yaba ba, bai kushe ba, sai dai Maje ya lura ya cire tsofaffin kibansa daga kwari ya soke su a jikin danga.

Ba a yi farauta mai yawa da su ba. Ƙarar katafila da mutanen da titi ya kawo sun kore namun daji zuwa can cikin duwatsu. Kamfanin da ke aikin titin ya ɗauki Nata'ala gadin yadin motocinsa, ya riƙa zama bakin ƙofa da kwarinsa a kafaɗa, kuma duk tsawon aikin ba a taɓa ɗauke ko taya ba. Ɗaya daga cikin kawunan ya ƙare a hannun matar Nata'ala, ta sa masa ƙota tana fere ƙwarya da shi.

Maje ya koma Landan da damin kyauro a cikin akwati. Ma'aikacin kwastan ya juya shi, ya shinshina, ya bar shi ya wuce. Ya raba wa 'yan filin Lahadi, suka yi ta gwadawa suna kuskure, suna dariya. Da ƙafafun Mista Tapley suka fara ciwo, Maje ne ya riƙa ɗauko faifan ciyawa a motar burodi yana kafawa kafin mutane su iso, shi ne kuma ke tsayawa da sababbin shiga yana gyara musu tsayuwa. Ranar da aka yi ruwa ba wanda ya zo, yakan yi harbinsa shi kaɗai, ya tattara kaya, ya biya kasuwa ya sayo wa Turai kuɓewa in an samu.