Ƙarnin Kifi a Bayan Firji

Jiya ƙarnin kifi ya cika ɗakina, alhali ban dafa kifi ba. Sai na tuna marigayi Kawu, mai gyaran wutar lantarki a Dala. Shi hanci yake fara sawa kafin hannu.

Wata rana ya shigo gaida mahaifiyata, ya shinshina, ya ji irin wannan ƙarnin, ya janye firji, ya taɓa soket da bayan hannu.

Ya ce min, "'Yata, waya ce ta saki, tana cin roba. Gobara ce ke sallama."

Yau mai gyaran da na kira ya ce bai ga komai ba. Na gaji da bayani. Na cire filogin firjina, gara miyar da ke ciki ta lalace.

Allah ya sanyaya makwancinka, Kawu.