Baba Iliya mai gyaran wuta ya fitar da ni

Ina zaune a tsakar gidanmu a Sabon Tasha, lissafin injiniyanci ya hana ni sakat: 2^x = 5x. Jarrabawa jibi, x ya ƙi fitowa.

Baba Iliya kuwa yana neman inda wayar wutar injin famfonmu ta tsinke cikin ƙasa. Na ce, "Baba, duk za ku tone ta ne?"

Ya yi dariya. "Haba ɗana. Tsakiya nake gwadawa, in bar rabin da ke lafiya, in sake raba sauran."

Da gudu na ɗauko kalkuleta. Akwai amsa tsakanin 4 da 5, na dinga rabawa biyu irin na Baba, ina barin rabin da babu amsar. Sau bakwai, sai ga 4.49!

Sati biyu lakcara yana bayanin nan ban gane ba. Ku fa, wa ya taɓa koya muku karatu bai sani ba?